Za mu Turkiyya bikin cikar aurenmu shekara 10: takardun otal da eja ya ba mu sun isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan Oktoba aurenmu zai cika shekara 10, kuma na yi wa maiɗakina alkawarin kai ta Turkiyya: Istanbul, Kapadokiya, sai Antalya, kwana 10 gaba ɗaya. Ita ce fitarta ta farko. Ejan da ke nema mana biza ya ba mu takardun otal uku, ya ce masauki ya kammala. Amma ban san unguwannin ba, kuma ban ga inda aka rubuta an biya ba. Hankalina ya ƙi kwanciya, kada in je in ji kunya a gabanta. A ina ya kamata mu sauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya kai mu lokacin lafiya. Gara da hankalinka ya ƙi kwanciya, kuma daga nan zan fara, don maganar unguwa mai sauƙi ce.

Takardar da aka yi domin biza daban, ɗakin da za ku kwana daban. Wannan ne abin da na gaji da faɗa. Kusan kullum sai wani ya shigo min ofis da irin wannan takarda a cikin leda, yana lallaɓa ta kamar takardar mallakar gida, alhali an soke ta tuntuni. Ga yadda ake yi. Ofishin jakadanci yana son ganin inda za ka kwana, sai eja ya shiga shafin kama otal na intanet mai suna Booking.com, ya nemi otal mai yarda a fasa kyauta, ya kama ɗaki da sunanka, ya buga takarda ya sa a fayil. Biza na fitowa ya soke. Wani ko wahalar sokewa ba ya yi: katin bankin da ya sa babu ko sisi, otal ya gwada katin ya ƙi, ya aiko saƙo a canza, shiru, ya ba wani ɗakin. Saƙon kuwa imel ɗin eja ya tafi, kai kana gida kana haɗa akwati. Mafi rashin tsoron Allah su ne masu ɗauko tsohuwar takardar wani su goge suna a kwamfuta su sa naka.

In ka tambaye su sai su ce ai haka kowa ke yi, in kun isa za ku samu wuri. Ba su ne za su tsaya gaban jami'in shige da fice ba, wanda ke da ikon tambayar masaukinka, ya bincika, ya ƙi barinka shiga in ya ga ƙarya. Ba su ne za su tsaya a gaban kantar otal ƙarfe ɗayan dare ba, ma'aikaci na ta juya fasfo yana girgiza kai, uwargida na zaune a kan akwati. Kada ka ce sai ka gyara nan take a waya: tun 2017 wata kotun Turkiyya ta hana kama otal ɗin cikin ƙasar ta Booking.com ga wanda ke cikin Turkiyya. Daga waje ne kawai yake yiwuwa. Daga nan sai ka faɗa hannun direban tasi mai "otal ɗin ɗan'uwansa", a farashin da ya ga dama.

Yau ɗin nan ka nemi lambar waya da imel na kowane otal daga shafinsu na intanet, ba daga takardar eja ba. Ka tura musu lambar ajiyar da sunayenku yadda suke a fasfo, ka nemi su rubuto maka ranar shiga, ranar fita, da ko an biya. In sun ce ba su san ku ba, ka kama da kanka, da katinka da imel ɗinka. Kuma kada ka tura kuɗin ɗaki asusun wani mutum don kawai ya ce maka a WhatsApp yana zaune a unguwar Laleli ta Istanbul. In gidan haya na 'yan kwanaki aka tallata maka, tun Janairun 2024 doka ta wajabta masa lasisi daga ma'aikatar yawon buɗe ido. Ka nemi lambar lasisin.

To, unguwanni. In ka ga Laleli ko Aksaray a takardarka, wurin 'yan sarinmu ne, tun safe ana tura kaya a kura ana ɗaure dila. Ya dace da mai sayen atamfa da takalma, bai dace da bikin aure ba. In ka ga Esenyurt, sunansa dai Istanbul, amma can bayan gari ne, rabin wuninku a mota zai ƙare. Ku sauka a Sultanahmet ko Sirkeci, kusa da layin jirgin ƙasa na cikin gari mai suna T1, kwana 4. Da ƙafa za ku je masallacin Aya Sofiya, da Masallacin Sultan Ahmed, da fadar Topkapi inda ake ajiye da kayayyakin da ake jingina wa Manzon Allah (SAW). Topkapi a rufe take ranar Talata, babbar kasuwar Kapali Carshi kuma ranar Lahadi. Taksim ban ba ku shawara ba, kiɗa har tsakar dare.

A Kapadokiya ku yi kwana 3 a Goreme, kada ku rage. Balan-balan ɗin nan masu ɗaukar mutane sama da Hajiya ke gani a hoto da asuba suke tashi, kuma in iska ta yi ƙarfi hukumar sufurin sama takan hana tashi ranar. Mai kwana ɗaya yana iya dawowa da labari kawai. Otal ɗin da aka sassaƙa cikin dutse suna da kyau, amma wasu ɗakunan ba taga, wasu sai an hau matakala mai yawa. Ka tambaya kafin ka biya, ka kuma ce su aiko mota, don filin jirgin Kayseri, inda akan sauka in za a Goreme, yana da tafiyar kusan awa guda.

Antalya kwana 2 sun isa, a Kaleici, tsohon garin da ke kallon teku. Yawancin otal masu wurin ninƙaya na mata zalla suna wajen Alanya, kimanin kilomita 130 daga Antalya. In shi Hajiya ke so, ku rage kwana ɗaya daga Istanbul ku ƙara a can, in ba haka ba hanya za ta cinye hutun.

Daren ƙarshe ku kwana a Istanbul, kada ku haɗa jirgin Antalya da na gida a rana ɗaya. Garin yana da filin jirgi biyu, babban na ɓangaren Turai da Sabiha Gokcen na ɓangaren Asiya, kuma tsakaninsu tafiya ce sosai. Ka duba tikitinku ka ga daga wanne za ku tashi, sannan ka kama ɗakin.