Ɗana ya iya canji, amma doguwar rabawa ta gagare shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji huɗu a firamare. In na aike shi shago ba a cutarsa a canji, amma da an ba shi lissafin doguwar rabawa sai ya rikice, musamman wurin sauko da lamba da ragowa. Ina mafita? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron nan ya riga ya iya rabawa, bai dai gane ita ce ake rubuta masa a allo ba. Ki ajiye biro tukuna.

Ki yanka kwali ki yi kuɗin wasa, ki rubuta 1000, 100 da 10. Kada ki sa 200 da 500, za su dagula masa lissafin goma-goma. Naira ɗaya kuwa, tunda rabon yaran yanzu da ganin sulallanta an daɗe, murfin lemo ya isa. Ki ce kawu ya ba su goron sallah naira 1,370 su huɗu. Dubu ɗaya ba ta rabuwa huɗu sai an yi canjinta: ɗari-ɗari goma, ga ukun da ke hannu, 13 ke nan. Kowa ya ɗauki 3, saura 1. A canja ɗarin nan zuwa goma-goma, a haɗa da bakwai, 17. Kowa 4, saura 1. Goman ta zama murfi goma, kowa 2, saura 2. Kowa ya tashi da 342.

Sai ki maimaita, wannan karon duk abin da hannunsa ya yi ya rubuta. Nan zai ga sauko da lambar da ke firgita shi canji ne kawai. A ganina haddace matakan kafin wannan ɓata lokaci ne.

Ragowa kuma a shago ake gane ta. Yana da 500, biro 120: guda nawa zai saya? In ya ce uku, saura 140, kada ki gyara masa, ki tambaye shi ko 140 za ta sayi wani. Da kansa zai koma huɗu, saura 20. Ya duba aikinsa: 120 sau 4, a ƙara 20, ya ga ko 500 ɗinsa ta dawo.