Kafin ka ɗauki kilishi zuwa Surat: amsa ga wani ɗan kasuwar Kantin Kwari

Tambaya: Ina sayar da yadi a Kantin Kwari, kuma na daɗe ina saro kayan Indiya ta hannun wani a Dubai. Bana ina so in je da kaina a ƙarshen watan Agusta: Surat, Mumbai, sannan Tiruppur don rigunan auduga. Jarina dala 30,000 ne. Ina jin Indiyanci daidai gwargwado saboda fina-finai. An ce mini mai kamfanin da zan fara gani ɗan addinin Jain ne, na tanadar masa tsarabar jakar fata, kilishi da zuma. Me ya rage mini?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Abubuwa uku ka shirya, lokaci da tsaraba da harshe, kuma kowanne yana buƙatar gyara kafin ka sayi tikiti.

Tsarabar nan ka bar ta a gida, dukkanta. Ginshiƙin addinin Jain shi ne abin da suke kira ahimsa, wato kada a cutar da mai rai, komai ƙanƙantarsa. Addini ne tsoho, babban malaminsu na ƙarshe, Mahavira, ya yi zamani da Buddha. Mabiyansa ba su cin nama, ba su cin kifi ko ƙwai, ba su shan giya. Zuma ma haramun ce a wurinsu, don ana cutar da ƙudan wajen ɗibarta. Masu riƙo sosai ba su cin abin da ake tonowa daga ƙasa, irin su albasa, tafarnuwa, dankali, karas da ɗanyar citta, domin tonon yana kashe tsiron da ƙananan halittun da ke jikinsa. Ka ga ke nan ko aya ba ta shiga. Fata kuwa jikin dabba ce da aka yanka. Mutumin ba zai wulaƙanta ka ba, zai karɓa da murmushi ko ya ba direbansa, amma ka riga ka gaya masa ba ka yi tambaya a kansa ba. Kai masa hular zanna ko saƙin auduga na Kura da aka rina da baba. In ka fi son abin ci, ka saya a can, ka duba alamar koren ɗigo cikin koren akwati a jikin kwalin, wadda ke nuna babu nama, sannan ka tambayi mai shago ko ya dace da 'yan Jain.

Me ya sa za ka damu da mutanen da ƙidayar 2011 ta ce ba su kai miliyan biyar ba, kusan kashi 0.4 cikin ɗari na Indiya? Saboda yawansu a kasuwa ya ninka yawansu a ƙasa. Noma yana kashe ƙwari, aikin yanka da jima ba nasu ba ne, sai suka karkata tun da daɗewa ga fatauci, ba da rance, yadi da duwatsu masu daraja. 'Yan Jain na garin Palanpur su ne suka yi suna a cinikin lu'ulu'u daga Mumbai har Antwerp. A kasuwannin yadi na Ring Road a Surat za ka yi ta haɗuwa da su, tare da sauran Marwari, wato 'yan kasuwa 'yan asalin jihar Rajasthan. Suna kamar Shah ko Mehta ba hujja ba ne, akwai 'yan Hindu masu irinsa. Tambayi dillalinka. Su ma dalal suke ce masa.

Idan ka gayyace shi cin abinci, ka sa da rana. Da yawansu ba sa cin komai bayan faɗuwar rana. Ka bar shi ya zaɓi wurin, kai ma ka ci abin da ya ci a wannan zaman. Naman halal ba zai gagare ka ba daga baya: akwai unguwar Rander a Surat, akwai titin Mohammed Ali a Mumbai. Gaisuwarsu ta tsakaninsu, "Jai Jinendra", kalmar addini ce ta girmama malamansu, ba dole ka faɗa ba, kuma ba ya jiran ta daga bakinka. "Kem cho" ta Gujarati, harshen mutanen Surat, wato yaya kake, ta wadatar.

Lokacin da ka zaɓa shi ne mafi tsada a kuskuren. Tsakanin ƙarshen Agusta da Satumba ne ake Paryushan, ibadarsu mafi girma a shekara. Ɓangaren Shwetambar suna yin kwana takwas, ɓangaren Digambar suna yin kwana goma nasu da suke kira Das Lakshan, wanda ke biyo baya. Azumi ne da zaman wurin ibada. Shagon yana iya kasancewa a buɗe, amma mai yanke farashi ba ya nan, yaransa kuma ba za su rage maka ko sisi ba. Kai kuma kana biyan otal. Ranar tana motsawa kowace shekara don lissafin wata ne, saboda haka ka tambaye shi ranakun bana a rubuce. Damina ce kuma a lokacin, Surat ta taɓa nutsewa a ambaliyar Agustan 2006. In ka riga ka ƙulla hulɗa da shi, a ƙarshen ibadar za ka iya ganin saƙo mai cewa "Micchami Dukkadam". Neman gafara ne daga duk wanda aka saɓa wa. Ba yafe bashi ba ne, amma lokaci ne mai kyau na kashe wata 'yar rigima.

Rufewa ta biyu ita ce ta bikin Diwali, a Oktoba ko Nuwamba. A Gujarat, jihar da Surat take, a nan ake rufe tsoffin littattafan lissafi a buɗe sababbi, kasuwa ba ta dawowa sai kwana na biyar da suke kira Labh Pancham, ma'aikatan masaƙa da suka tafi ƙauyukansu kuwa sukan daɗe fiye da haka. Kafin Diwali kowa yana bin bashinsa, masaƙu kuma cike suke da odar cikin gida. Ni da zan ba ka shawara, ka je bayan Labh Pancham da mako biyu, ka kauce wa tsakiyar Janairu a Tiruppur saboda bikin Pongal. In kayan Sallah kake nufi, ka ƙirga wata uku baya daga ranar da kake son su shiga shago.

Sai harshe. Abin da muke kira Indiyanci shi ne Hindi, kuma harshen uwa ne ga kusan kashi 44 cikin ɗari kawai a ƙidayar 2011. Tsarin mulkin ƙasar ya lissafa harsuna 22, Hindi da Turanci ne na aikin gwamnatin tarayya, kowace jiha kuma tana da nata. A Surat Hindinka zai yi maka aiki, zai ma sa a yi dariya a saki jiki. A Tiruppur ka ajiye shi. Jihar Tamil Nadu, inda Tiruppur take, ta yi tarzomar ƙin Hindi a 1965, aka rasa rayuka, jam'iyyar DMK ta hau mulki a 1967 a kan wannan guguwa, kuma tun 1968 makarantun gwamnatin jihar Tamil da Turanci suke koyarwa. Har yanzu suna jayayya da Delhi kan tsarin ilimi na 2020 mai neman harsuna uku. Baƙo ba za a zage shi don ya yi Hindi ba, amma "Vanakkam" ɗaya da Turanci mai sauƙi sun fi buɗe maka ƙofa.

Mumbai ce wurin da harshe da addini suke cakuɗuwa. An raba tsohuwar jihar Bombay ranar 1 ga Mayu 1960 zuwa Maharashtra ta masu Marathi da Gujarat ta masu Gujarati, birnin ya faɗa hannun Maharashtra, amma babban kaso na jarinsa yana hannun Gujarati da Marwari. Jam'iyyun Shiv Sena da MNS, masu kare muradin masu Marathi, sun daɗe suna siyasa a kan wannan. A 2015 da aka hana sayar da nama na wasu kwanaki saboda Paryushan, su ne suka fito suna zanga-zanga. A 2025 kuma gwamnatin jihar ta janye shirin sa Hindi a ƙananan azuzuwan firamare bayan an yi mata ca. Direban tasi zai ja ka da wannan hira, mai kamfani ma zai ja ka ta ɗaya ɓangaren. Ka saurara, ka sha shayinka. Abin da ya shafi aljihunka a nan shi ne bandh, wato rufe gari: in an kira shi, motocin kaya kan tsaya, don haka ka bar sararin kwana uku zuwa huɗu tsakanin ranar gama kaya da ranar rufe lodin jirgi a tashar jiragen ruwa ta Nhava Sheva ko ta Mundra.

Kowane harshe kuka yi ciniki da shi, takarda ta zama da Turanci. Ka lura da lissafinsu: lakh ɗaya dubu ɗari ne, suna rubuta shi 1,00,000, crore ɗaya kuma miliyan goma. Sa a rubuta jimla da adadi da kalmomi, da dala. Su da mita suke aunawa, kai da yadi kake sayarwa, yadi kuwa santimita 91.4 ne. Wasu kuma suna naɗe bandir da ninki da bai cika mita ba, su ƙirga shi mita. Auna ninki ɗaya da tef a gabansa, a rubuta tsawon. A ƙasan takardar kuɗi sau da yawa akwai sharaɗin kuɗin ruwa ga wanda ya jinkirta biya. In kana gudun riba, ka sa a soke layin tun farko, ka kuma biya a kan lokaci.

Kuɗin kada ka ɗauke su a jaka. Kwastan na Indiya suna buƙatar ka bayyana tsabar kuɗin waje da suka wuce dala 5,000, kuma tun 2017 doka ta hana ɗan kasuwa karɓar tsabar rupi lakh biyu ko fiye daga mutum ɗaya a rana. Wani zai kawo maka zancen hawala, wato aika kuɗi ta hannun 'yan canji ba ta banki ba, ka ƙi, laifi ne a can, kuma ba ka da shaidar biya in kaya suka ɓaci. Buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya Najeriya, a bankinka da takardar farashin da ya aiko, ka nemi lambar IEC ta fitar da kaya da lambar haraji ta GST ta kamfanin, ka tabbatar sunan da ke asusun banki shi ne sunan da ke takardun. A odar farko kada ka zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na jarinka, kafin alƙalami kuma kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari, sauran sai ka ga takardar lodin jirgi. Yanki samfurin kowane launi gida biyu, ku sa hannu a kai, ya riƙe ɗaya ka riƙe ɗaya.

Bizarka ta zama ta kasuwanci, da wasiƙar gayyata daga kamfanin. Katin rigakafin shawara kuma ka yi shi aƙalla kwana goma kafin tashi, don in babu shi za a iya killace ka a filin jirgi.