Tambaya da Amsa: Kwantenata Ta Makale a Lome

Tambaya: Na yi odar tayil daga Sin, kwantena mai ƙafa 20. Ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome, a Togo, amma mai fito ya ce kamfanin jirgi na bina kuɗin jinkiri. Na mene ne? Wani ɗan kasuwa, Tawa.

Amsa: Alhaji, kayan naka ne, amma kwantenar ta kamfanin jirgi ce, aro suka ba ka. Akwai kwanakin kyauta da ke cikin yarjejeniyarku. Da zarar sun cika, kowace rana da kuɗinta, har sai ka mayar musu da ita fanko a Lome. Tun da aka rufe gadar Gaya, ta iyakar Nijar da Benin, a 2023, kayan Nijar ta Burkina suke bi, Kaya, Dori, Tera, kuma sai an jira ayarin da sojoji ke rakiya. Wannan jiran shi ke cinye kwanakin.

Mafita biyu ce. Ko ka nemi ƙarin kwanaki tun kafin a yi lodi a Sin, ko a buɗe kwantenar a tashar Lome a juye kayan cikin babbar mota. Ga tayil kam, juyewa na jawo fashewa. Mu da mun biya kuɗin ajiyar kwantenar, wato jinginar da kamfanin jirgi ke riƙewa har a mayar masa da ita, mun taho da ita a rufe.

Duba takardunka kuma. Takardar BSC, wato ta bin sawun kaya, wadda CNUT, hukumar masu jigilar kaya ta Nijar, ke bayarwa, lambar kwantena da ta hatimin ƙofa, da nauyin kayan, duk su dace da takardar lodi da kamfanin jirgi ya ba ka. Harafi ɗaya ya saɓa, 'yan duwan za su tsayar da ita.