Amsa ga Yaya kan na'urar da aka ce a saka wa Baba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na saurari saƙonka. Ka ce ƙafafun Baba sun kumbura, ba ya iya kwanciya sai ya jingina da filo uku, likita kuma ya kawo maganar saka masa batir a ƙirji, kana tambaya ko yana aiki kafin ku sayar da filin Agege.

To, yana aiki, amma ba ga kowace zuciya ba. Kuma wannan ba irin ƙaramin batirin da ake saka wa wanda zuciyarsa ke bugawa a hankali ba ne. Sunan na'urar CRT, yawanci siraran wayoyi uku gare ta da ke shiga zuciya, ɗaya ana bi da ita ta jijiya har bayan ɗakin hagu na zuciya. A wasu masu ciwon raunin zuciya irin na Baba, ɓangarorin zuciyar ba sa matsewa lokaci guda, kamar mutum biyu na tura motar danfo a Oshodi, wannan ya tura, wancan sai ya yi jinkiri. Ƙarfin na nan, motar ba ta motsi. Na'urar ita ke haɗa su su tura tare.

Akwai binciken da ake kira CARE-HF, da aka fitar a 2005 a Turai, kan mutum 813. Cikin kimanin shekara biyu da rabi, waɗanda aka bari da magani kaɗai kashi 30 cikin ɗari suka rasu, masu na'urar kuma kashi 20. Haki ya ragu, kwanciya asibiti ta ragu. Amma fa Yaya, kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya samun wani sauƙin a zo a gani.

Saboda haka ga abin da nake so ka tambaya, ka rubuta. Na farko, hoton eko, wato hoton da ke nuna yadda zuciya ke matsewa: ƙarfin turawar zuciyar nawa ne? Sai ya zama kashi 35 ko ƙasa ake maganar saka na'urar. Sannan takardar ECG, wato gwajin lantarkin zuciya, ka ce a nuna maka faɗin QRS, wato lokacin da lantarkin ke ɗauka ya ratsa manyan ɗakunan zuciya, kuma ko akwai abin da suke kira LBBB, wato toshewar hanyar lantarkin ta ɓangaren hagu. In faɗin QRS ya kai milisakan 150 kuma akwai LBBB, nan ne amfanin ya fi yawa. In bai kai 130 ba, wallahi kada ku taɓa filin nan, domin wani bincike a 2013 ya nuna masu irin wannan ba sa amfana, mace-macen ma sun fi yawa cikinsu. Sannan Baba ya yi aƙalla wata uku kan cikakken magani? Yana shan na hawan jinin kullum, ko sai ya ji jiri? Wannan ni na fi zargi, na san halin tsofaffinmu.

In an saka, ba a daina magani. Makonnin farko kada ya ɗaga hannun sama da kafaɗa, wayar salula kuma kada ta zauna a aljihun gaban riga ta ɓangaren da aka saka na'urar. In wurin da aka saka ta ya yi ja ko yana ruwa, ko ya riƙa jin fizga a ciki kamar shaƙuwa, a koma asibiti. Batirin ma yana ƙarewa bayan wasu shekaru, a sa kuɗin canjinsa cikin lissafi tun yanzu.

Ku kai takardun sashen zuciya na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, wani likitan ya sake dubawa. Ka ɗauko min hoton ECG ɗin ta gefe, yau da dare zan duba in sha Allah. Allah ya ba Baba lafiya.