Hancin da ke girma a selfi, benen da ke jingina, da bangon da ke ƙyaftawa a Blender

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk lokacin da na ɗauki kaina da kyamarar gaba sai in ga hancina ya yi girma, kunnuwana sun ja baya. Amma idan wani ne ya ɗauke ni daga nesa, lafiya lau nake fitowa. Ƙawata ta ce kyamarar ce ba ta da kyau, wai in canza waya. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Riƙe wayarki, ba ta da laifi. Ko wadda ta fi kowace tsada aka ba ki, muddin a tsawon hannunki za ki riƙe ta, haka hancin zai fito.

Girman abu a hoto yana bin nisansa ne daga kyamara: idan nisan ya ninka biyu, girman ya koma rabi. To a ce tsakanin wayar da kan hancinki santimita 30 ne, kunnuwanki kuma suna bayan hancin da kamar santimita 10, wato suna santimita 40. Raba 40 da 30, za ki ga an ƙara wa hancin kashi ɗaya bisa uku a kan kunnuwan. Yanzu a ce mai ɗaukar hoton ya tsaya a mita 2. Hanci yana 200, kunne yana 210. Bambancin ya koma kashi 5 cikin ɗari, ido ba zai ma lura ba. Fuskar ɗaya ce, wurin tsayuwa ne ya canza.

Abin ya kai har likitocin gyaran fuska a Amurka sun yi lissafi a kansa. A 2018 mujallar JAMA Facial Plastic Surgery ta buga wani bincike da ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga santimita 30 yana ƙara faɗin hanci da kusan kashi 30 cikin ɗari, alhali daga mita ɗaya da rabi kusan daidai yake fitowa. Abin da ya dame su shi ne masu zuwa neman a rage musu hanci, hujjarsu kuwa selfi.

Mutane da yawa, har da masu sana'ar hoto, suna ɗora laifin a kan gilashin kyamara mai faɗin gani. Ban yarda da wannan ba. Gilashin aikinsa yanke yawan abin da zai shiga hoton. Laifinsa ɗaya: saboda yana kwaso wuri da yawa, sai ya sa ki matso kusa don fuskarki ta cika hoton, matsowar ce ke ɓata siffa. Ki gwada da kanki. Ki sa a ɗauke ki daga mita 2 da lambar zuƙowa (zoom) 1x, a sake ɗauka daga wurin da 3x ba tare da an motsa ƙafa ba, sannan ki yanke na farkon har fuskar ta kai girman ta biyun. Siffar iri ɗaya za ki gani, sai dai na yankan ba zai kai ɗayan tsabta ba.

Saboda haka ki jingina wayar a wani wuri, ki sa mai ƙirga daƙiƙa, ki ja baya. Ko ki yi amfani da sandar selfi. Kuma a hoton taro, musamman da 0.5x, kada ki yarda a sa ki a gefe. A can ne kai ke miƙewa ya yi faɗi, domin kyamarar tana shimfiɗa fili mai faɗi sosai a kan shafi miƙaƙƙe, gefunan ne ke shan ja.

Tambaya: Malam, ina ɗaukar hotunan gidaje don talla. Idan na ɗauki bene sai ya fito ƙasansa da faɗi, samansa a tsuke, kamar zai faɗi ta baya. Yaya zan gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, kana ɗaga kan wayar sama ne don rufin ya shigo. Da zarar ka karkata ta, layukan bangon da ke tsaye a jere sai su fara nufar haɗuwa a wuri guda can sama, yadda gefunan doguwar hanya ke haɗuwa a ƙarshen gani. Masu zane a Italiya sun daɗe da tsara ƙa'idar wannan: Filippo Brunelleschi ya gwada ta a birnin Florence a farkon ƙarni na 15, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta ta a 1435, inda ya kwatanta zane da buɗaɗɗiyar taga da mutum ke leƙa duniya ta cikinta. Idan tagar tana tsaye daidai da bangon, layukansa za su tsaya cak. Idan ka kwantar da ita, sai su karkace.

Idonka ma haka yake gani idan ka ɗaga kai, amma ƙwaƙwalwa ta san gini a tsaye yake, sai ta gyara maka. A hoto kuwa gefen hoton yana nan miƙe yana tona asirin karkatar.

Kunna layukan raga a saitin kyamara, ka riƙe wayar a tsaye sosai har gefen bangon ya bi layin ragar, ka ja baya har rufin ya shigo. Ƙasa za ta cinye rabin hoton, ba komai, ka yanke ta daga baya. In ka samu wuri mai tudu ko benen da ke kallon ginin, ya fi. In babu wurin ja da baya, manhajojin gyaran hoto Snapseed da Lightroom duk suna da wurin miƙe layuka, haka ma manhajar hotuna ta iPhone. Sai dai ka bar sarari a gefe tun wajen ɗauka, gyaran yana cin gefuna. Kuma a dogon bene kada ka miƙe shi ɗari bisa ɗari, sai ya yi kamar kansa ya fi gindinsa faɗi.

Tambaya: Me ya sa wata ke fitowa ɗan ƙil a wayata?

Amsa: Domin ɗan ƙil ɗin ne. Faɗin wata a sararin sama kusan rabin digiri ne, babbar kyamarar waya kuwa tana kwaso wajen digiri 65 zuwa 70 daga gefe zuwa gefe. A hoton da faɗinsa ya kai ɗigo (pixel) 4000, rabon wata bai cika ɗigo 30 ba. Hotunan da kake gani na ƙaton wata a bayan gini, mai hoton ya tsaya ne nesa ƙwarai da ginin, ginin ya ƙanƙance, sannan ya zuƙo su tare da dogon gilashi.

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni, ina koyon Blender, manhajar gina siffofin 3D a kwamfuta. Idan na matsa kusa da abu sai ya yanke in riƙa ganin cikinsa. Na rage lambar Clip Start sosai, wannan ya gyaru, amma yanzu bangayen nesa suna ƙyaftawa, launuka biyu suna ta kokawa.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ka gyara ɗaya ka ɓaro ɗaya ke nan. A cikin kwamfuta babu gilashi, babu haske, lissafi ne zalla. Kowane ɗigo na abin da ka gina yana da lambobi uku: gefe, sama, da zurfi. Kwamfutar takan fara juya duniyar gaba ɗaya yadda kyamara za ta zama ita ce tsakiya, sannan ta raba lambar gefe da ta sama da lambar zurfi. Lissafin hancin 'yar'uwarmu ne dai. Tun 1963 Lawrence Roberts ya nuna a jami'ar MIT yadda za a yi wannan da jadawalin lambobi huɗu-huɗu, kuma har yau a kansa katin hoto (ɓangaren kwamfuta da ke zana hoto a allo) ke tafiya.

Matsalar ita ce ba a raba lamba da sifili. Shi ya sa ake kafa iyaka biyu, ta kusa (Clip Start) da ta nesa (End), duk abin da ya fita tsakaninsu a yanke shi. Ta kusan ce ta yanke maka abinka da farko.

Ƙyaftawar kuma daga ma'ajiyar zurfi take. Ga kowane ɗigo a allo, kwamfutar tana ajiye nisan abin da ya fi kusa, don ta san wanda zai rufe wani. Masanin kwamfuta Edwin Catmull ya bayyana dabarar a 1974. Yawanci bit 24 ake ware mata, wato matakai sama da miliyan 16. Da yawa, ko? Amma ba daidai aka raba su ba. Saboda rabawar nan da zurfi, kusan rabin matakan suna ƙarewa ne tsakanin iyakar kusa da ninkinta biyu. Idan ka sa iyakar a milimita 1, rabin dukiyarka ta tafi tsakanin milimita 1 da 2, inda babu komai. Bango biyu masu kusa da juna a mita 500 sai su faɗa mataki ɗaya, kwamfutar ta rasa na gaba, yanzu ta nuna wannan, an jima wancan.

Ka danna N, ka shiga View, ka ɗaga Clip Start zuwa mafi girman lambar da aikin zai jure. Ga gini ko unguwa, mita 0.1 zuwa 1 ya wadatar. Rage End yana taimakawa, amma kaɗan ne idan aka kwatanta. Ka tuna ita kanta kyamarar da ke cikin aikin tana da nata iyakokin daban da na tagar da kake aiki a ciki. In kuma fuskoki biyun a wuri ɗaya tak ka ɗora su, babu saitin da zai raba su, sai ka goge ɗaya ko ka ɗan matsar da ita. Lokacin da kake son auna girma ba tare da nisa ya ruɗe ka ba, danna 5 a madannan lambobi na gefe: za a daina rabawa da zurfi, na kusa da na nesa su fito da ainihin girmansu, irin zanen da injiniyoyi ke aiki da shi.