Sai na aika wa wani kuɗi kafin Allah ya ji roƙona?

Tambaya: Baba Fasto, ni ma'aikaciyar jinya ce a Jidda, 'yar Kudancin Kaduna. A nan babu majami'a, a ɗaki nake addu'a ni kaɗai. Na daɗe ina roƙon Allah ya buɗe hanya mijina da 'ya'yana su samu biza su zo, amma shiru. Wani mai kiran kansa annabi a Facebook ya ce roƙona ba ya wuce rufin ɗaki, sai na aika masa riyal 500 na "shuka iri" ya tsaya mini. Shin yawan roƙona ne ya zama rashin bangaskiya?

Amsa: 'Yata, roƙonki ba rashin bangaskiya ba ne. Yesu ya ce Ubanmu ya san bukatarmu tun kafin mu roƙa (Matiyu 6:8), kuma shi ne ya umarce mu mu yi ta roƙo (Matiyu 7:7), domin roƙo shi ne yadda ɗa yake nuna cewa ya dogara ga mahaifinsa. Ɗakin da kike ganin ya rage darajar addu'arki kuwa, shi ne wurin da Yesu ya ce a shiga a rufe ƙofa (Matiyu 6:6).

Abin da ya fi damuna shi ne maganar wannan mutumin, domin kullum ina jin irinta daga bakin 'yan'uwanmu da ke aiki a Riyad da Dammam da Jidda. Masu wannan sana'a sun san kuna cikin kaɗaici, sun san ana biyan ku da riyal, saboda haka suke koya muku cewa addu'ar wani ta fi taku kusa da kunnen Allah, kuma ana sayen ta. Wannan ƙarya ce mai hatsari. Lokacin da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20). Matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, Yesu Almasihu (1 Timoti 2:5), kuma ba ya karɓar ladan dillanci. Asarar riyal 500 ƙarama ce idan aka kwatanta da abin da ke biyo baya: idan biza ba ta fito ba, zai ce irin ya yi kaɗan, ki ƙara, har ki wayi gari kina tsoron buɗe bakinki a gaban Ubanki sai da izinin wani. Baiko na gaskiya godiya ce da ake bayarwa da yardar rai, ba a ɗaura masa farashi.

Jinkiri ma ba alamar ƙi ba ne. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, aka amsa masa da cewa alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:8-9), kuma babu mai cewa Bulus ya rasa bangaskiya. Ki ci gaba da ambaton mijinki da 'ya'yanki da sunayensu, ki sa su ma su riƙa roƙo tare da ke ta waya. Sannan ki je ofishin ma'aikata na asibitinku ki tambayi waɗanne takardu ne suka rage a kan ikamarki (takardar izinin zamanki a Saudiyya), ki kuma toshe lambar mutumin nan yau.