Shagon Baba kyauta ne, to ina asarar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Baba ne ya ba ni shagonsa a Kantin Kwari, ko sisi ba na biya na haya, ina sai da atamfa da shadda, in na cire kuɗin kaya da na yaron shago ana samun kamar dubu 120 a wata. Amma yayana da ya karanta tattalin arziki kullum sai ya ce wai asara nake. Shago kyauta, riba na shigowa, asarar me kuma? Daga Fagge, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Yayanka ba hassada yake maka ba, wani lissafi ne yake yi wanda kai ba ka sa shi a littafinka ba. Leƙa gun makwabcinka ka tambaye shi nawa yake biyan haya. A ce ya ce maka miliyan 1 da dubu 200 a shekara, ka ga dubu 100 kenan duk wata, wato da Baba ya ba wani haya da kuɗin nan sun shigo gidanku kowa na kwance, to kai da kake fita tun safe sai la'asar sakaliya, ga cinikin 'yan sari ga ciwon kan masu bashi, abin da guminka ya ƙara a kai dubu 20 ne kacal. Kuma ba mu ma sa albashin da za ka ɗauka da wani aikin ka kama ba, balle jarin da ke kwance a cikin atamfa. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, duk abin da ka riƙe akwai wanda ka saki, kuma wanda ka saki ɗin nan shi ne ainihin kuɗin abin. Hayar shagonka ana biyanta, Baba ne ke biya bai faɗa maka ba, Allah ya saka masa.

A Amurka can da, masu mashaya kan ba da abincin rana wai kyauta ga wanda ya sayi abin sha, sai su cika abincin da gishiri ƙishirwa ta kama mutum ya ƙara saya, daga nan maganarsu ta samo asali cewa babu abincin rana na banza. Mu ma mun ga namu, man fetur mai araha da muka sha kafin Tinubu ya ce tallafi ya ƙare ranar 29 ga Mayu 2023, a 2022 kaɗai ya lashe sama da naira tiriliyan 4, kuɗin da ba su je asibiti ko makaranta ba. Ko bayan cirewar sun je, wannan rigima ce ta wata rana.

Ban ce ka rufe shago ba fa. Kana koyon kasuwa, kana tara kwastomomi, waɗannan ba sa fitowa a kalkuleta. Amma daga watan nan ka dinga ware kuɗin hayar gefe kamar za ka miƙa wa mai shago, ka yi wata 6 a haka, sai ka sake rubuto min abin da ya rage.